Sharhi kan DB Browser for SQLite: ƙidayar ciniki har da kayan da suka yi kwantai

Duk mai kanti ya san kayan da ke tafiya ba sai an rubuta masa a takarda ba, tunda kullum hannunsa na kansu. Abin da ke ɓuya shi ne kwantai, irin kwalin sabulun da zai share wata uku a saman kanta ko tayawa ba a yi ba. A rumbun bayanai ma haka abin yake, sai dai ya fi muni. Kayan da ba a sayar ba ba su da ko layi ɗaya a teburin ciniki, don haka idan aka ce kwamfuta ta ƙirga sau nawa aka sayar da kowane kaya, sai ta kawo waɗanda suka yi kasuwa, ta yi gum a kan sauran. Ba sifili take rubutawa a gabansu ba, sunan nasu ne ma ba ya fitowa. Da wannan aiki guda za a auna DB Browser for SQLite a nan, domin aiki ne mai tona asirin manhaja da na mai riƙe da ita.

Manhajar kyauta ce, ana sauke ta daga sqlitebrowser.org, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma da zarar ta sauka ba ruwanta da intanet. Mauricio Piacentini ne ya fara ta, aka sake ta ga jama'a a 2003 da sunan SQLite Database Browser. A 2014 aka sauya mata suna bisa roƙon Richard Hipp, wanda ya ƙirƙiri SQLite ɗin kanta a 2000, saboda tsohon sunan yana sa mutane su kai masa ƙorafin abin da ba shi ya yi ba. Wannan bambancin yana da amfani har yau: SQLite ita ce injin da ke lissafi, DB Browser kuwa taga ce da ake leƙa injin ta cikinta. Rumbun gaba ɗayansa fayil ɗaya ne, babu saba (server) da za a kafa, babu kalmar sirrin da za a manta. A Windows akwai nau'in da ba sai an girka ba, a zuba a filashi a tafi da shi. Rubutun fuskarta na Ingilishi ne, amma ana iya mayar da shi Faransanci, abin da zai yi wa masu aiki a Maraɗi ko Damagaram daɗi.

Idan aka buɗe ta, shafuka huɗu ne a sama: Database Structure, Browse Data, Edit Pragmas da Execute SQL. Na ƙarshen nan ne wurin aikinmu, inda ake rubuta umarnin SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Ga ƙaramin kantin gwaji, wanda da gangan aka yi shi ƙarami don a iya bin kowace amsa da yatsa:

```
CREATE TABLE kaya (lamba INTEGER PRIMARY KEY, suna TEXT NOT NULL);
CREATE TABLE ciniki (
  lamba INTEGER PRIMARY KEY,
  lambar_kaya INTEGER REFERENCES kaya(lamba),
  rana TEXT,
  adadi INTEGER
);
INSERT INTO kaya VALUES (1,'shinkafa'),(2,'sukari'),(3,'man gyaɗa'),
  (4,'gishiri'),(5,'sabulu'),(6,'ashana');
INSERT INTO ciniki VALUES
  (1,1,'2024-03-02',2),(2,1,'2024-03-09',1),(3,1,'2024-04-03',4),
  (4,2,'2024-03-05',5),(5,2,'2024-03-31',3),(6,3,'2024-02-20',2),
  (7,4,'2024-03-14',10),(8,1,'2024-03-20',1);
```

Kaya 6, ciniki 8. Shinkafa ta fita sau 4, sukari sau 2, man gyaɗa da gishiri sau ɗai-ɗai, sabulu da ashana ko sau ɗaya. A liƙa wannan a Execute SQL, a danna F5, sannan a danna Write Changes ko Ctrl+S. Wannan maɓallin na ƙarshe shi ne abin da sababbin hannu ke mantawa. Har sai an danna shi, duk abin da aka shigar yana rataye ne, bai zauna a fayil ba, kuma wata manhajar da ke son rubutu a fayil ɗin za ta tarar da shi a kulle. Amfaninsa shi ne Revert Changes da ke gefensa, wanda ke mayar da komai yadda yake idan an yi ɓarna. Tsari ne mai kyau, amma a wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, gara a riƙa adanawa a kai a kai.

Umarnin ƙidayar da kowa ke fara rubutawa shi ne na JOIN zalla, wato haɗa teburin kaya da na ciniki ta lambar kaya, kuma layi 4 yake dawowa da su: shinkafa, sukari, man gyaɗa, gishiri. A ƙasan allo manhajar za ta rubuta cewa an gama ba kuskure, ta faɗi yawan layukan da tsawon lokacin da aikin ya ci. Gaskiya ta faɗa, babu kuskure a nahawun umarnin. Kuskuren yana cikin tambayar, domin JOIN zalla ba ya riƙe layi sai ya sami abokinsa a ɗaya teburin. Amma wannan ɗan rubutun na ƙasa, mai cewa layi 4 ne suka dawo, shi ne abu mafi daraja a fuskar manhajar ga irin wannan aiki. Wanda ya san kayansa 6 ne, da ya ga 4 ya san an yi masa ƙwange. Gyaran kalma ɗaya ne, LEFT, wato a riƙe duk layukan teburin hagu, wanda aka ambata bayan FROM, ko sun sami aboki ko ba su samu ba.

A nan ne kuma gizo ke saƙa. Kafin a yi ƙidaya, yana da kyau a fara kallon ɗanyen haɗin, ba GROUP BY mai tara layuka rukuni-rukuni, ba COUNT mai ƙirga su:

```
SELECT k.suna, c.lamba, c.rana
FROM kaya k
LEFT JOIN ciniki c ON c.lambar_kaya = k.lamba;
```

Layi 10 za su fito, ba 8 ba. Takwas na cinikin gaske ne, biyu kuwa na sabulu da ashana, kuma a gabansu DB Browser za ta rubuta NULL da dusashen rubutu mai kwanciya, daban da sauran. Wannan ƙaramin abu ya cancanci yabo. NULL ba sifili ba ne, ba kuma gurbin da aka bari fayau ba ne, alama ce ta cewa babu komai a wurin, kuma manhajar tana bambanta shi da ido. Da an ga waɗannan layuka biyu, an fahimci dalilin da ya sa COUNT(*) ke yin ƙarya a nan. Shi layuka yake ƙirgawa, ba ya duba abin da ke ciki, sabulu kuwa yana da layi ɗaya, na NULL. Sai ya ce an sayar da sabulu sau 1, ashana sau 1, su zo kunnen doki da man gyaɗa da gishiri waɗanda aka sayar da gaske. Wannan ya fi ɓacewar suna haɗari, domin sunan da ya ɓace ana iya lura da shi, amma 1 a gaban sabulu ba ya ɗaga wa kowa hankali.

Daidai shi ne a ƙirga ginshiƙi daga teburin dama, domin COUNT idan aka ba shi sunan ginshiƙi yana tsallake NULL:

```
SELECT k.lamba, k.suna, COUNT(c.lamba) AS sau_nawa
FROM kaya k
LEFT JOIN ciniki c ON c.lambar_kaya = k.lamba
GROUP BY k.lamba, k.suna
ORDER BY sau_nawa, k.suna;
```

Yanzu layi 6: ashana 0, sabulu 0, gishiri 1, man gyaɗa 1, sukari 2, shinkafa 4. A tara su, 8 ne, daidai da yawan layukan teburin ciniki. Wannan tarawar ita ce awon da bai kamata a tsallake ba: jimillar ƙidayar ta zo daidai da abin da SELECT COUNT(*) FROM ciniki ya bayar. Da COUNT(*) aka yi, jimillar 10 za ta zama. Ginshiƙin da za a ƙirga kuma ya zama wanda ba ya taɓa zama NULL a layin gaske, wato lambar layin ko lambar da aka yi haɗin da ita. Idan aka ƙirga c.adadi, duk cinikin da yaron kanti ya manta bai rubuta adadinsa ba zai zube daga lissafi.

Wajen wannan awon ne manhajar ta ɗan gaza. Idan aka rubuta SELECT biyu a shafi ɗaya aka danna F5, sakamakon na ƙarshe kaɗai take nunawa, na farkon ya tafi. Dole a buɗe wani shafin da Ctrl+T, ko a shafa umarni ɗaya da linzami a gudanar da shi shi kaɗai, tunda idan akwai rubutun da aka zaɓa shi kawai take aiwatarwa. Shift+F5 kuma yana gudanar da umarnin da alamar rubutu ke kansa. Ana sabawa, amma ajiye amsoshi biyu kafaɗa da kafaɗa ya fi sauƙi a wasu manhajojin.

A lura da k.lamba da ke cikin GROUP BY. Idan aka tara da suna kaɗai, alhali akwai sabulu iri biyu da aka rubuta wa suna ɗaya, za su narke su zama layi guda, wanda ya yi kwantai ya laɓe a bayan wanda ke tafiya. SQLite tana da sassaucin da ke ƙara dagula wannan: tana yarda a saka ginshiƙi a SELECT ko ba ya cikin GROUP BY, ta ɗauko ƙimarsa daga ɗaya daga cikin layukan rukunin. PostgreSQL, wani injin rumbun bayanai, za ta ƙi irin wannan umarnin sai dai in an tara da lambar asali ta teburin. DB Browser ba ta cewa uffan, domin ita abin da injin ya ba ta take miƙowa.

Tambaya ta gaba da mai kanti zai yi ita ce ta wata guda: a watan Maris, sau nawa kowane kaya ya fita? Hannu yakan tafi kai tsaye ga WHERE, a rubuta sharaɗin rana a can. Sakamakon layi 3 ne, shinkafa da sukari da gishiri. LEFT ɗin yana nan a rubuce amma ya tashi a banza, saboda WHERE yana aiki ne bayan an gama haɗi, kuma ranar sabulu NULL ce. Tambayar ko NULL ya kai 1 ga Maris ba ta da amsar e ko a'a, duk layin da bai sami e ba kuwa waje ake yi da shi. Akwai gyaran da ya yaɗu, na ƙara OR c.lamba IS NULL a ƙarshen sharaɗin. Gyaran gangar Auzinawa ne. Sabulu da ashana za su dawo, layuka su zama 5, mutum ya ɗauka ya gama, alhali man gyaɗa ya salwanta. Shi yana da ciniki, na 20 ga Fabrairu, don haka layinsa ba NULL ba ne, kuma ba na Maris ba ne, sai ya faɗi ta kowane ɓangare. Ga shi kuwa shi ne ainihin abin da ake nema, kayan da a da yana fita yanzu ya tsaya.

Sharaɗin da ya shafi teburin dama, a cikin ON yake zama:

```
SELECT k.suna, COUNT(c.lamba) AS sau_nawa
FROM kaya k
LEFT JOIN ciniki c
  ON c.lambar_kaya = k.lamba
  AND c.rana >= '2024-03-01'
  AND c.rana < '2024-04-01'
GROUP BY k.lamba, k.suna;
```

Shinkafa 3, sukari 2, gishiri 1, sauran ukun sifili. Sharaɗin da ya shafi teburin hagu, kamar a ce kayan abinci kaɗai ake so, shi ne mai zuwa WHERE. An rubuta ƙasa da 1 ga Afrilu maimakon BETWEEN zuwa 31 ga Maris ne saboda dalili: SQLite ba ta da nau'in kwanan wata na musamman, a nan rubutu ne take gwadawa harafi bayan harafi. Idan ranar na ɗauke da lokaci, '2024-03-31 14:05' ya fi '2024-03-31' girma, sai cinikin ranar ƙarshen wata ya fita daga lissafi. Wanda kuma ya shigo da ranakunsa yadda muka saba rubutawa, 31/03/2024, rana kafin wata, ba abin da zai yi daidai sai ya juya su zuwa shekara, wata, rana. Manhajar za ta karɓi kowane irin rubutu a wannan ginshiƙin ba tare da ta tanka ba.

Daga SQLite 3.30 ta 2019 akwai wata hanyar, FILTER, mai ba da dama a fitar da watanni da yawa a jere: COUNT(c.lamba) FILTER (WHERE c.rana LIKE '2024-03%') a ginshiƙi ɗaya, na Afrilu a na kusa da shi. Wannan ya kawo maganar wace SQLite ce ke cikin manhajar da aka sauke. A rubuta SELECT sqlite_version(), a gani. RIGHT JOIN da FULL JOIN ba su shigo SQLite ba sai a 3.39 ta 2022, DB Browser 3.12.2 kuwa a 2021 ta fito, don haka ta Windows ɗinta za ta ƙi su. Jerin 3.13 da ya fito a 2024 ya zo da sabon inji. Rashin RIGHT JOIN ba asara ba ce, a juya teburan a yi LEFT. Amma wanda ya kwafo umarni daga darasin wata manhajar ya ga an ƙi shi, ya fara duba wannan lambar kafin ya zargi kansa.

Ramin da ya fi zurfi yana zuwa ne idan tebura suka zama uku. A ƙara teburin sari, mai tsari irin na ciniki, inda ake rubuta duk lokacin da aka saro kaya: shinkafa sau 3, sabulu sau 2, sukari da man gyaɗa da gishiri sau ɗai-ɗai, ashana ba a taɓa ba. Ana son sari da ciniki a takarda ɗaya, sai a jera LEFT JOIN biyu. Amsar shinkafa za ta fito ciniki 12, sari 12. Dalili kuwa kowane ciniki cikin 4 ya haɗu da kowane sari cikin 3, huɗu sau uku. Sukari zai nuna ciniki 2, daidai, sari 2, kuskure. Sabulu zai nuna ciniki 0, sari 2, duka daidai. Wato wasu layukan gaskiya, wasu ƙarya, a takarda ɗaya, kuma duk wanda ya duba sabulu kaɗai don tabbatarwa zai sa hannu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: lambobi biyu da suka zo iri ɗaya a ginshiƙai biyu da ba su da dalilin daidaituwa, alamar ninki ce.

COUNT(DISTINCT c.lamba) da COUNT(DISTINCT s.lamba) suna gyara ƙidaya, su mayar da ita 4 da 3. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin layuka 12 ɗin suna nan a ƙasa. Da an nemi jimillar adadin shinkafar da aka sayar, SUM zai ce 24 maimakon 8. Wanda ya ce bari ya yi SUM(DISTINCT c.adadi) zai sami 7, saboda ciniki biyu masu adadi 1 an ɗauke su abu ɗaya. Hanyar da ba ta da tangarɗa ita ce a tara kowane tebur shi kaɗai, sannan a haɗa:

```
SELECT k.suna,
       COALESCE(c.sau, 0)   AS ciniki,
       COALESCE(c.jimla, 0) AS an_sayar,
       COALESCE(s.sau, 0)   AS sari
FROM kaya k
LEFT JOIN (SELECT lambar_kaya, COUNT(*) AS sau, SUM(adadi) AS jimla
           FROM ciniki GROUP BY lambar_kaya) c ON c.lambar_kaya = k.lamba
LEFT JOIN (SELECT lambar_kaya, COUNT(*) AS sau
           FROM sari GROUP BY lambar_kaya) s ON s.lambar_kaya = k.lamba;
```

A nan COUNT(*) ba shi da laifi, tunda a cikin tebur ɗaya yake ƙirgawa kafin haɗi. COALESCE kuma ya zama dole, domin kayan da ba su da layi a ƙaramin lissafin NULL za su samu, shi ne ke mayar da shi 0. Haka SUM yake ko a haɗin farko: COUNT na abin da babu 0 ne, SUM na abin da babu NULL ne, sai dai SQLite tana da total() mai ba da 0.0. Wannan takardar ce ke raba kwantai gida biyu. Sabulu an saro shi sau 2 ba a sayar ko sau ɗaya ba, kuɗi ne kwance. Ashana kuwa suna ne kawai a littafi, ba a saro ba balle a sayar. Irin wannan umarni mai hawa biyu yana da daɗin gyara a DB Browser, domin ana iya shafa ƙaramin SELECT na ciki a gudanar da shi shi kaɗai a ga abin da yake bayarwa. Idan ya zauna daidai, maɓallin da ke saman sakamako yana adana shi a matsayin view, wato tambayar da aka ajiye da suna ana buɗe ta kamar tebur, ko ya fitar da shi CSV don Excel.

Idan sunayen kwantan kaɗai ake so, NOT EXISTS ya fi NOT IN aminci. Layi ɗaya tak a teburin ciniki mai lambar_kaya NULL ya isa ya sa NOT IN ya dawo hannu rabbana, mutum ya yi murna cewa ba abin da ya kwanta masa.

Yawancin sifilin ƙarya ba daga umarni suke zuwa ba, daga bayanan da aka shigo da su ne, kuma galibi daga Excel ta hanyar File, Import, Table from CSV file. Tagar shigarwar tana da kyau: tana nuna samfurin layukan kafin a amince, tana barin a zaɓi alamar raba ginshiƙai da tsarin haruffa, wanda ya kamata ya zama UTF-8 in ana son ƙ da ɗ da ɓ su tsira. Akwai akwatin Trim fields mai share sararin da ke gaba ko bayan rubutu, a tabbata yana kunne, domin 'KN12' da 'KN12 ' mai sarari a ƙarshe ba sa haɗuwa, kuma ido ba ya ganin bambancin. Idan lambobin kaya rubutu ne a teburan biyu, '007' da '7' baƙin juna ne, Excel kuwa ta saba cinye sifilin gaba. Gurbin da aka bari fayau yana iya shigowa a matsayin rubutu marar harafi maimakon NULL, COUNT kuma yana ƙirga shi. Sai matsalar da ta shafe mu kai tsaye: COLLATE NOCASE da lower() da LIKE na SQLite haruffan Ingilishi 26 kaɗai suka sani wajen daidaita babba da ƙarami. 'Gishiri' da 'gishiri' za su haɗu a ƙarƙashin NOCASE, amma 'Ƙuli-ƙuli' da 'ƙuli-ƙuli' ba za su haɗu ba, balle wanda wani ya rubuta da k marar lanƙwasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin haɗi da lamba, ba da suna ba.

Akwai kuma marayun layuka, cinikin da lambar kayansa ba ta cikin teburin kaya, wataƙila an goge kayan ko an yi kuskuren bugawa. LEFT JOIN daga kaya ba zai taɓa nuna su ba, sai dai jimillar ta gaza yawan layukan ciniki. SQLite ba ta tilasta REFERENCES sai an kunna, don haka a leƙa Edit Pragmas a ga ko akwatin Foreign Keys na da alama. PRAGMA foreign_key_check, yana jero marayun da suka riga suka shiga.

Ta fuskar sauri, abu ɗaya ne za a yi. SQLite ba ta ƙirƙira wa lambar_kaya fihirisa (index, jerin da ke hanzarta neman layi) da kanta don kawai an rubuta REFERENCES. CREATE INDEX ciniki_kaya ON ciniki(lambar_kaya) ya wadatar, ko a yi ta maɓallin Create Index a Database Structure. A sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban umarnin: in aka ga kalmar AUTOMATIC a sakamakon, injin yana gina fihirisar wucin gadi ne duk lokacin da aka yi tambayar yana zubarwa. Manhajar tana nuna wannan bayanin a matsayin layukan rubutu kawai, babu zane.

Rashin zane shi ne babban giɓinta. Babu wurin da za a ja layi tsakanin tebura biyu da linzami, babu taswirar alaƙarsu. A Microsoft Access ana danna layin haɗin sau biyu, tagar Join Properties ta ba da zaɓi uku, a ɗauki mai cewa a kawo duk layukan tebur kaza, har ma akwai Find Unmatched Query Wizard don zaƙulo marasa aboki. Amma Access na kuɗi ne, kuma a Windows kaɗai yake. DBeaver na kyauta yana zana taswira, yana magana da PostgreSQL da MySQL da sauransu, sai dai ya fi nauyi a tsohuwar kwamfuta, kuma a haɗin farko yakan nemi sauke direba daga intanet. Wanda kayansa ba su wuce ɗari biyu ba, cinikinsa kuma yana shafi ɗaya na Excel, COUNTIF a gaban jerin kayan zai ba shi sifilinsa ba tare da ya koyi SQL ba, kuma babu dalilin da zai sa ya bar shi.

DB Browser ta dace da wanda bayanansa suka fara fin ƙarfin Excel, ko suka rabu tebura uku zuwa sama: mai kantin magani da ke son sanin abin da bai motsa ba kafin wa'adinsa ya cika, malamin da ke neman ɗaliban da ba su da sakamako ko ɗaya, ɗalibin kwamfuta da ke son ganin NULL da idonsa. Ba ta dace da ofishin da mutum biyar za su riƙa rubutu a lokaci ɗaya ba, domin SQLite marubuci ɗaya take bari a lokaci guda, kuma ajiye fayil ɗin a babban fayil na tarayya a kan netwok hanya ce ta lalata shi. Bayanan da ke buƙatar sirri kuma a buɗe su da nau'in SQLCipher da ke zuwa tare da na Windows, wanda ke kulle fayil ɗin da kalmar sirri.

Saura tambayar ranakun da ba a yi ciniki ba sam, wadda ba ta da teburin hagu da za a jingina da shi, tunda babu teburin ranaku. Ana ƙirƙirarsa nan take da WITH RECURSIVE, wanda SQLite ke da shi tun 2014:

```
WITH RECURSIVE kwanaki(rana) AS (
  SELECT '2024-03-01'
  UNION ALL
  SELECT date(rana, '+1 day') FROM kwanaki WHERE rana < '2024-03-31'
)
SELECT w.rana, COUNT(c.lamba) AS sau_nawa
FROM kwanaki w
LEFT JOIN ciniki c ON date(c.rana) = w.rana
GROUP BY w.rana;
```

Layi 31 za su fito, 6 masu ciniki ɗai-ɗai, 25 masu sifili. A buɗe Plot daga View, a ɗora rana a kwance, sau_nawa a tsaye, zanen zai sauka ƙasa a duk ranar da kanti ya wuni shiru. Da teburin ciniki kaɗai aka zana, layin zai tsallaka daga 20 ga wata zuwa 31 kai tsaye, kamar kwana goman da ke tsakani ba su faru ba. A kula da sharaɗin WHERE na cikin kwanaki: in aka manta shi, ƙirgar ranakun ba ta da inda za ta tsaya.